Baffana da Jirgin da Aka Kwashe wa Hanya

Daga Allah muke, wurinsa za mu koma, Baffana dai ya riga mu. Yayan mahaifina ne. Ya rasu a gidansa na unguwar Laranto a Jos ana cikin ruwan ƙarshen damina, bayan ya idar da azahar ya ce a miƙo masa bargo. Ina Fatakwal da lodin dankali aka kira ni, kafin in iso an riga an kai shi makwancinsa. Zaman makoki na tarar, tabarmi tun daga zaure har bakin shagon tela.

To a zaman nan ne kaina ya fara ɗaurewa, har yau kuma bai gama kwancewa ba.

Liman ya shafa addu'a ya ce, "Allah Ya jiƙan direban ƙaramin jirgi." Muka ce amin.

Tsohon telan unguwa ya gyara zama. "Allah gafarta Malam, ai ba direba ba ne. Shi ke zuba wa jirgin kwal."

"Wane kwal?" in ji wani dattijo daga Tudun Wada, wanda ya yi ritaya a babban jirgin ƙasa. "Yashi yake zubawa! A kan hancin jirgin yake zama da gwangwani, in an zo hawa kuma an yi ruwa sai ya riƙa barbaɗa yashi a kan dogo don kada ƙafa ta zame. Da bakinsa ya faɗa mini."

Oga, tsohon ɗan ƙabilar Ibo mai shagon kayan famfo, wanda suka yi shekaru suna maƙwabtaka da Baffa, ya ɗaga sandarsa. "A'a, a'a. Baba ita ce yana ɗaga tuta. Kore, ja. Ni ya gaya mini, ba sau ɗaya ba."

Kowa ya rantse daga bakin mamacin ya ji. Sai suka juyo kaina gaba ɗaya. "Kai ɗansa ne, raba mana gardama."

Ni kuwa ce mini ya yi shi ne mai birki. Na duba fuskokin dattawan nan na ga in na faɗa sabon faɗa zan buɗe, sai na ce, "Allah dai Ya jiƙansa." Aka ce amin, kowa yana hararar ɗan'uwansa.

Samarin da ke ƙarshen tabarma duk sun ɗauka babban jirgin da suka sani ake nufi. Ba shi ba ne. Akwai wani kafin shi, ɗan siriri, wanda Turawa suka shimfiɗa wa dogo daga Zariya ya biyo ta Rahama da Jingir ya hau dutse zuwa Jos da Bukuru, don ya kwashi kuza. Kafin zuwansa a ka ake ɗaukar kuzar, da bayan jakuna. Jirgin Bauchi ake ce masa, alhali ko sau ɗaya bai taka garin Bauchi ba, kun ga tun daga sunansa ma an fara rikita mutane. Da babban jirgi ya shigo ta Kafanchan sai kasuwarsa ta fara mutuwa, ana dab da samun 'yancin kai aka tsayar da shi, aka bi hanyar aka kwashe ƙarafan. Ni ban taɓa ganinsa yana tafiya ba. Abin da na sani shi ne kan jirgin da aka ajiye wajen gidan tarihi, wanda Baffa ya taɓa kai mu gani da salla. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Ya rame."

Ranar sadakar uku Inna, matar Baffa, ta aiko a kira ni. Tana zaune a kan tabarmar takaba, 'ya'yanta sun kewaye ta. Duk mata Allah Ya bar musu, shi ya sa ni ne ɗan gidan. Ta ce su ba mu wuri.

"Ɗan nan, ciyawa ba ta san baffanka ya rasu ba."

Na ce, "Wace ciyawa, Inna?"

"Ta kan kabarin uwata."

Nan ta warware mini abin da na sani rabi-rabi. Ita da mahaifiyarta dafaffen gwaza da ƙosai suke sayarwa a wani wuri da jirgin ke tsayawa ya sha ruwa. Ba gari ba ne, 'yan bukkoki ne da tanki, mutanen da jirgi ya tara. A nan Baffa ya gan ta, ya sayi gwaza ya manta bai ci ba. Suka yi aure ta biyo shi Jos, tsohuwar ta ce ita ba ta barin kaskonta. Inna tana cikin jegon fari labari ya zo an riga an binne tsohuwa. Baffa ya je ya dawo ya ce an nuna masa kabarin. A lokacin kuwa an riga an kwashe dogon, mutanen wurin sun watse, kowa ya bi inda abinci yake. Tun daga nan duk ƙarshen damina Baffa zai saɓa fartanya ya tafi ya nome kabarin, ya dawo ya ce mata, "Tana nan lafiya." Ita mace ce, ba ta shiga makabarta, kuma hanyar da ta sani ta zuwa wurin ta jirgi ce.

"Bana ya ce sai ruwa ya ɗan tsagaita," in ji ta. "Ka je. In aka tsallake shekara guda, daji zai cinye ta, shi ke nan ba ni da uwa ko a ƙasa."

"To Inna, ina ne wurin?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta sunan mijinta. "Kai da ka san Legas, ka san Kwatano, ka ce har Njamena ka kai albasa, ni za ka tambaya? Inda jirgi ke shan ruwa mana."

Na fito ina sosa ƙeya. Shekara da shekaru muna ganin tsohon nan yana fita da fartanya, babu wanda ya taɓa cewa, Baffa, bari in raka ka. Dalili kuwa kowa ya san shi: wanda duk ya zauna kusa da Baffa a mota, sai ya sha labarin jirgi tun daga tasha har ya sauka.

Ku da ba ku san shi ba, bari in ɗan kwatanta muku shi. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, yana tafiya a hankali kamar yana jan taragu. In ka ce masa an makara sai ya ce, "Jirginmu bai taɓa latti ba, don babu wanda ya san lokacinsa." In aka yi rashin lafiya a dangi, ko biki ya matso babu shiri, sai ya tara mu a zaure ya ce, "To, 'yan aji uku, a sauka a tura." A cewarsa haka ake yi in jirgin ya kasa hawan dutse: manya na zaune a taragonsu, talakawa su sauko su sa kafaɗa. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yakan ce ƙarya ce, babu mai iya tura jirgi. Baffa ya ce, "Kai da aka haifa da sanyin ƙashi ina za ka sani?" Wata rana kuma shi da kansa ya ce mana ba turawa ake yi ba, sauka kawai ake yi a taka a ƙasa don a rage masa nauyi, har mutum ya tsaya ya yi sallarsa ya cim masa a gaba. Na ce, "Baffa, ai jiya ka ce turawa ake yi." Ya ce, "Jiya wani dutsen nake nufi."

Faɗansa mafi tsawo da dattijon nan na Tudun Wada ya yi shi. A benci ɗaya suke zama a ƙofar masallaci, wata rana mutumin ya ce ƙaramin jirgi ai ba jirgi ba ne, butar shayi ce aka sa wa ƙafa. Baffa ya daina yi masa magana. Bai bar bencin ba kuwa, shi ma wancan bai bari ba. Azumi guda suka yi kafaɗa da kafaɗa, in za a miƙa dabino sai Baffa ya ce wa na gefe, "Ba wa mutumin babban jirgi, kada ya ce mu ma rowa gare mu." Ranar makoki na ga dattijon ya koma gefe yana share hawaye da hularsa. Na je na durƙusa na ce, "Baba, sai haƙuri." Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, na yi rashin aboki. Amma wallahi buta ce."

Alherinsa ma ta jirgin yake biyowa. Duk matafiyin da mota ta bari a tashar Laranto, in Baffa ya gan shi, to zauren gidanmu ne masaukinsa. Inna ta sha mita a kan tuwon da ba ya isa. Amsarsa ɗaya ce: "Mu ba mu barin fasinja a daji." Lokacin da gari ya rikice kuwa, shekarun baya kaɗan, da rana tsaka wasu samari suka nufo shagon Oga. Baffa ya riga ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofar shagon. Bai yi musu wa'azi ba, bai roƙe su ba. Ya kira babbansu da sunan kakansa ya ce, "Zo, ka san kakanka ya taɓa faɗowa daga tarago a Rahama?" Ya kama labari. Daga Rahama ya koma Zariya ya faro daga farko. Oga, wanda ke ɓoye a ciki bayan buhunan siminti, ya ce shi kansa ya fara gyangyaɗi. Ɗaya bayan ɗaya samarin suka zame, na ƙarshen har da cewa, "Baba, sai mun dawo a ƙarasa." Ba su dawo ba.

Wajen Ogan na fara zuwa neman hanya. Ya ce, "Baba tana shiga motan Saminaka. Ta ce mini wurin yana da gada, amma babu hanya a kan gada." Na tafi tasha. 'Yan kamasho duk sun san shi. Ɗaya ya ce bayan Jingir yake sauka, ɗaya ya ce kafin Jingir, suka kusa cin kwalar juna. Wani tsohon direba, abokin aikina na da, ya ce, "Kai, tsohon nan ba ya faɗin inda zai sauka. Muna cikin tafiya a tsakiyar daji sai ka ji ya buga jikin mota ya yi kukan jirgi da baki. In ka ji haka sai ka taka birki." Na ce to a wane dajin? Ya ce, "Oho. Ni kunne nake sawa, ba ido ba."

Haka na tafi, da fartanyar Baffa a cikin buhu. Ni da na bi hanyar nan da babbar mota har ban san adadi ba, ranar sai na zama baƙo a kanta. Na sauka a Jingir na ɗauki ɗan acaɓa na ce ya kai ni inda jirgi ke shan ruwa. Ya ce, "Yallaɓai, jirgin sama?" Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta nuna mana gabas. Wani mai faci ya ce titin da muke tsaye a kai ma shi ne tsohuwar hanyar jirgin, kwalta kawai aka zuba. Wani malamin makaranta ya kai mu ya nuna mana guntun dogo a rataye a bishiya, shi ake bugawa yara su shiga aji. Na shafa ƙarfen muka wuce. Mun je gada biyu, duk akwai hanya a kansu.

Rana ta karkata sannan muka hango ta, a gefen hagu can cikin gonaki: ginshiƙan dutse tsaye a cikin rafi, babu komai a samansu, kamar mutane sun tsaya jiran mota. Na sallami ɗan acaɓa na kutsa cikin masara. Ban yi nisa ba wani dattijo ya fito daga bukka, manomi ne, mutumin wurin, da gicciye a wuyansa. Bai dubi fuskata ba, ƙotar fartanyar da ta leƙo daga buhu ya duba.

"Tsohon jirgi ya aiko ka?"

Na ce ya rasu. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Sannan ya ce in biyo shi.

A tsakiyar masarar akwai wani fili da ba a noma ba, bai wuce faɗin zaure biyu ba, ciyawa har ƙugu. Gefe guda ga dandamalin siminti duk ya tsattsage, nan tankin yake a da. Dattijon ya sa ƙafa ya buɗe ciyawar, sai ga tulin duwatsu. Ya ƙara gaba, ga wani. Ga wani kuma can. Wasu manya, wasu ƙanana, wasu ruwa ya watsa su har ba ka san inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara ba.

Na ce, "Baba, wanne ne na surukarsa?"

Ya yi 'yar dariya. "Haka shi ma ya tambayi babana, ina tsaye. Babana ya ce waɗanda suka binne sun tafi, mu ba mu je wurin ba. Mutanen jirgi ne duka. Akwai Hausawa, akwai wani Ibo da ciwon ciki ya kashe, akwai yara, akwai wanda ba a ma san yarensa ba."

"To wanne yake nomewa?"

"Duka."

Na zauna a kan simintin. Na yi ƙoƙarin gane alƙibla ko zan ware na Musulmi, na duba rana, na duba duwatsun, babu wanda ya kwanta daidai da wani. Dattijon ya ce kada in wahalar da kaina, Baffa ma ya gwada a shekarun farko ya bari. Yakan nome su tas, ya gyara duwatsun, ya tsaya a tsakiya ya ɗaga hannu, ya ce Allah Ya san nasa. Daga nan ya ci dafaffiyar masara, ya ba su labarin jirgi har yara su gudu. Na ce, "Ya taɓa faɗa muku aikin da ya yi a jirgin?" Ya ce, "Ƙwarai. Shi ke ba shi ruwa." Na ce madalla.

Sai ya gyara murya. "Ɗana, in faɗa maka gaskiya. Yarana sun girma, gona ta yi mana kaɗan. Sun daɗe suna so su sa garma a nan. Na ce musu muddin akwai mai zuwa, wurin yana da mai shi. To yanzu kai, zuwa ka fara, ko ka zo ka gaya mana an gama?"

Ni mutumin hanya ne, ƙarshen damina kuwa shi ne lokacin lodi. Na cire riga na kama noma. Rabona da fartanya tun ina makarantar allo. Kafin in kai rabi bayana ya riƙe, tafin hannuna ya yi bororo, dattijon ya kira 'ya'yansa, waɗanda ke son sa garmar, suka kama mini suna dariyar yadda nake riƙe ƙota kamar sitiyari. Da muka gama na tsaya a tsakiya na ɗaga hannu. Na buɗe baki in ambaci mamaciya, sai na tuna ko sunanta ban sani ba.

A mota ina dawowa na shirya abin da zan faɗa wa Inna. Kalmomin Baffa zan maimaita, ba ƙari ba ragi. Tsohuwa a cikin takaba, me zai sa in ɗora mata wani nauyin?

Washegari da hantsi na shiga na gaishe ta. Na ce, "Inna, na je. Tana nan lafiya."

Ta ce, "Miƙo hannunka." Na miƙa. Ta juya tafin ta duba, ta danna bororon da babban yatsa har na yi ƙara.

"Ka nome su duka ke nan."

Na rasa inda zan sa idona. "Inna, dama kin sani?"

"Ɗan nan, ni 'yar wurin ce. Kabari guda nawa yake? Mutum zai nome kabari guda ya dawo ya kwanta yana nishi ana gasa masa baya? Tun zuwansa na biyu na gane."

"Kuma ba ki taɓa tambayarsa ba?"

"In tambaye shi ya ji kunya? Ya ce mini an nuna masa. Ni kuma na bar shi a an nuna masa." Ta gyara mayafinta. "Ai tana cikinsu. Kuma uwata ba mai cin abinci ta bar maƙwabci yana kallo ba ce. Da ya nome nata ya bar na sauran, da ita za ta fara yi masa faɗa."

Na yi dariya, ita ma ta yi, sai kuma dariyar ta juye mata ta rufe fuska da mayafi. Na jira. Har yanzu ban san wanne ya fi ɗaure mini kai ba, shi da ya yi shekaru yana ɓoye mata, ko ita da ta yi shekaru tana taya shi ɓoyewa, suna kwana ɗaki ɗaya.

Da ta natsu na faɗa mata maganar manomin da garmar 'ya'yansa. Ta saurara har na gama.

"To baɗi fa?"

Na ce, "Allah Ya kai mu, Inna."

"Wannan na Allah ne, Shi Ya san abinsa. Naka nake tambaya."

Na dubi tafin hannuna. Na ce, "Zan je."

"To tashi ka aika a gaya wa mutumin, kada yaransa su riga ka."

Daga ɗakinta tasha na wuce, na sami tsohon direban nan na kwatanta masa gadar da ba hanya a kanta, na ce in ya isa ya tsaya ya leƙa cikin masara ya ce wa dattijon wurin yana da mai shi.

Allah Ka jiƙan Baffa, ko direba ne, ko mai kwal, ko mai yashi, Kai Ka san abin da ya yi. Ka yalwata masa makwanci, Ka ba Inna haƙuri. Waɗanda ke ƙarƙashin duwatsun nan kuma, mu dai ba mu san su ba. Ni kuwa Ka ƙara mini ƙarfin baya.